Hoton da ke kama da mafarki: ina fasaha ta tsaya, ina kuskure ya fara?

Nafisa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka jima a harkar ɗaukar hoto. Aikin jerin hotuna ne a kan bege, ciwon rai da tunawa da abin da ya wuce. Abin da nake so shi ne mai kallo ya gane abin da yake gani amma ya kasa riƙe shi, kamar yadda mafarki yake yi wa mutum bayan ya farka. Saitin da nake amfani da shi: shota (marfin da ke buɗewa haske ya shiga) a buɗe na sakan 1, ƙofar haske a buɗe sosai a f/2, kyamara a hannu, da filtar hazo a gaban idon kyamara. Abin da ke fitowa dishi-dishi ne kawai, kamar hannu ne ya girgiza. Ina matsalar take?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, dishi-dishi iri uku kika tara a wuri ɗaya: na girgizar hannu, na f/2 da ke barin siririn yanki kaɗai a saiti, wato ya fito tar, da na filta. Kowanne yana cinye ɗan'uwansa, ido ya rasa inda zai sauka. Kafin abu ya yi kama da mafarki sai an sami wani abu a gefensa da ya tsaya daram, wanda ido zai auna shi da shi. Ki ɗora kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, ki cire filtar, ki rufe ƙofar haske zuwa f/8, ki sa saiti a kan abin da ba ya motsi, kamar bakin taga, kujera ko tsagar bango. Mutumin kaɗai zai motsa.

Kowane tsawon shota da abin da yake yi wa jiki. A 1/15 hannu ko gefen tufa ne zai ɗan ja, fuska tana nan. Tsakanin 1/4 da 1/2, juya kai sau ɗaya yana shafe fuska ya bar jiki, kuma wannan yankin ya fi kowanne amfani a irin aikinki. Daga sakan 1 zuwa 2 mai tafiya yakan koma hayaƙi. Idan aka wuce sakan 8, wanda yake tafiya bai tsaya ba yakan ɓace ɗungurum, ɗakin ya fito fayau kamar ba kowa.

Idan kuma mutum ake so ana hango bango ta cikin jikinsa, a buɗe shota sakan 4, ya tsaya cak na sakan 3, ya fice da sauri a na ƙarshe. A nan ne ake yawan faɗuwa, domin haske taruwa yake yi, ba ya gogewa. Mai baƙar tufa a gaban farin bango zai koɗe sosai, saboda sakan ɗayan nan na farin bango yana zuba haske a gurbinsa. Mai farar tufa a gaban bango mai duhu kuwa zai fito kusan cikakke ko da rabin lokacin kawai ya tsaya. Don haka a fara zaɓen bango da tufa kafin a yi lissafin sakan.

Auwal:
Ƙari kan bayanin Malam. Da rana ba za a sami sakan 1 a f/8 ba sai da filtar rage haske. Kowane mataki yana rage haske da rabi, don haka mai mataki 6 tana ninka lokaci sau 64, wato 1/60 ya koma kamar sakan 1. Mai mataki 10 tana ninkawa sau 1024, 1/250 ya koma sakan 4. A yi saiti kafin a ɗaura ta, a mayar da idon kyamara kan saitin hannu, domin da ita a gaba kyamara ba ta gani, sai ta yi ta lalube. A kashe na'urar hana girgiza idan kyamara tana kan mazauni, a danna da jinkirin sakan 2. Idan kyamara mai madubi ce a rufe ƙofar leƙawa ta baya, in ba haka ba haske yana shiga ta nan ya bar tabo mai ruwan shunayya a tsakiyar hoto. Filtar da ake murzawa tana ƙara duhu kuma, in aka kai ta ƙarshe da idon kyamara mai ɗauko faɗi, takan zana baƙin giciye a hoton.

Akwai kuma haɗa doguwar shota da filasha. A saita filasha ta tashi a ƙarshen shota, ƙarfinta ƙasa sosai kamar 1/16, hasken ɗakin kuma a rage shi da mataki ɗaya. Sawun motsin zai kwanta a bayan mutum, fuskarsa ta fito tar a ƙarshe. In aka bar ta ta tashi a farko, sawun yana fitowa ta gabansa, sai ya zama kamar da baya yake tafiya.

Malam Habibu:
Duk wannan daidai ne a kyamarar dijital. Mai aiki da fim ya tuna cewa daga sakan 1 zuwa sama fim yana gajiya, ba ya bin lissafin mita mai auna haske. Ga fim ɗin HP5 Plus, kamfanin Ilford ya ba da ƙa'idar ɗaga lokacin mita zuwa ƙarfin 1.31. Sakan 4 ya zama 6, sakan 10 ya zama 20, sakan 30 ya zama kusan 86. Wanda bai gyara ba zai sami inuwa fanko, babu komai a cikinta. Kuma da yake wuraren haske ba sa gajiya kamar inuwa, bambancin haske da duhu yana ƙaruwa, sai a rage lokacin wankin fim da kamar kashi 10 cikin ɗari. Fim ɗin Acros 100 II na Fujifilm ba ya buƙatar gyara har zuwa sakan 120, shi ya sa masu doguwar shota suke son sa.

Hajiya Rabi:
Nafisa, sun ba ki lissafi mai kyau, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abubuwa uku kika ambata, kuma a ganina ba dabara ɗaya ce za ta ɗauke su duka ba.

Dubi aikin Francesca Woodman, 'yar Amurka da aka haifa a 1958 ta rasu a 1981 tana da shekara 22. Yawancin hotunanta ƙanana ne, masu kusurwa huɗu daidai, baƙi da fari, a tsofaffin ɗakuna da fatar bangonsu ke ɓarewa. Abin da mutane suke mantawa shi ne katakon ƙasa da bangon nan duk a saiti suke, ana ganin kowace tsaga. Jikin ne kaɗai yake narkewa. Saboda ɗakin ya tabbata, shi ya sa rashin tabbatar jikin yake taɓa zuciya.

Bege kuwa tazara ce. Abin da ake so yana nan, amma hannu bai kai gare shi ba. A hoto ana samun wannan ta hanyar sa saiti a kan abin da ya shiga tsakani, labule ko gilashin taga mai raɓa, a bar wanda ake begen a baya bai fito sosai ba. A nan f/2 ɗinki yana da gurbi, amma shi kaɗai, ba tare da girgiza ba. Hannu da ya tsaya saura kaɗan ya taɓa kafaɗa, gurbin kai a kan matashi, tufar da aka rataye tana riƙe da siffar mai ita, duk sun fi nuna sha'awa fiye da bayyana jiki, domin da zarar an nuna komai babu sauran abin da mai kallo zai yi marmari.

Tunawa kuma ba dishi-dishi ba ce gaba ɗaya. Mutum yakan tuna maɓallin riga tar da tar ya manta fuskar mai rigar. Hoton tunawa ya kamata ya kasance haka, ƙaramin abu ɗaya ya fito fes, sauran su janye.

Kabiru:
Hajiya, wannan batu na tunawa shi ne ainihin aikin ɗaukar hoto biyu a kan fim ɗaya. Ƙa'idar farko dai ita ce wadda Malam ya faɗa: hoto na biyu yana fitowa ne a inda na farko ya yi duhu. Inda na farko ya yi fari, wurin ya cika, babu abin da zai ƙara shiga.

Idan hotuna biyun duk matsakaitan haske ne, a rage wa kowanne mataki ɗaya. Hanya mafi sauƙi, fim mai ISO 400 (ma'aunin saurin kama haskensa) a gaya wa mita 800 ne. In uku ne a rage mataki ɗaya da rabi, in huɗu mataki biyu. Amma idan na farko inuwar mutum ce baƙa ƙirin a gaban farin sama, kada a rage wa na biyu komai, domin gurbin jikin bai sha haske ba ko kaɗan, cikakken awo yake jira. Wanda ya rage a nan zai sami hoton ganye ko na ruwa da ya zuba a cikin jikin ya fito a mace.

Kyamarar da ba ta da maɓallin ɗauka biyu ana iya yi mata dabara. A murza hannun mayar da fim a hankali har fim ya ɗame, a riƙe shi, a danna ƙaramin maɓallin da ke ƙasan kyamara, sannan a ja hannun shota. Shota za ta ɗanu, fim bai motsa ba. Yakan ɗan goce, don haka a bar firam na gaba fanko, a ɗauke shi da murfi a rufe. Hanya ta biyu, a ɗauki fim ɗin gaba ɗaya, a mayar da shi a bar harshensa a waje, a sake lodawa. Tun a lodin farko a ja layi da maka a kan fim daidai bakin firam, a daidaita da shi a lodi na biyu. In ba a yi ba, baƙin layin da ke raba firam zai ratsa tsakiyar kowane hoto.

Auwal:
Yaya Kabiru, duk wannan wahalar kwamfuta ta ɗauke ta. A manhajar Photoshop a ɗora hoto a kan hoto a zaɓi salon haɗi mai suna Screen, sakamakon kusan ɗaya ne, kuma ana iya matsar da na sama har sai, misali, reshen itace ya faɗa daidai kan ido. Kyamarorin dijital da yawa ma suna da ɗauka biyu a cikinsu, da zaɓin tarawa ko na matsakaici. Na tarawa shi ne irin na fim, sai ka rage haske da kanka. Na matsakaici kyamara ce ke ragewa.

Kabiru:
Wannan matsarwar da kake yabo ita ce illar. Idan komai ya faɗa daidai inda aka nufa, mai kallo yana jin hannun da ya tsara, hoton ya koma zanen talla. A mafarki abubuwa ba sa haɗuwa da kyau.

Auwal:
To ai wannan laifin mai hannun ne. Wanda ya san haka yana iya barin gocewar. Kuma akwai abin da ke tona asirin haɗin kwamfuta wanda ya fi matsarwa: hasken hoto ɗaya daga hagu, na ɗayan daga dama, ko ɗaya mai ɓarɓashi, wato ɗigo-ɗigon fim, ɗayan sumul. A daidaita ɓangaren da haske ke fitowa tun wajen ɗauka, a cire launi ko a kusanta launukan biyu, sannan a zuba ɓarɓashi ɗaya a kan haɗin bayan an gama, kada a zuba wa kowanne daban.

Hajiya Rabi:
Ku biyun kuna da gaskiya ta wani gefe. Ni dai abin da zan tambayi kowane haɗi shi ne, me ya haɗa abubuwa biyun nan? Fuska da furanni an yi su har an gaji, kuma babu abin da suke faɗa sai kyau. Fuska da ɗakin da mai fuskar ya bari, ko hannu ɗaya a wurare biyu a kan tebur ɗaya, wannan magana ce.

Injiniya Sadiya:
Tunda an taɓa bege da tunawa, bari in ɗauki ciwo, ta ɓangaren sinadari. Akwai hanyar da ake kira mordansaj, wadda Bafaranshe Jean-Pierre Sudre ya raya a shekarun 1960 daga wata tsohuwar dabara. Tana kumbura fatar jelatin ta takardar hoto a wuraren da suka fi baƙi, har fatar ta ɗago ta yi lanƙwasa kamar siririn labule, ko ta saɓule.

Haɗin da aka fi sani: ruwa mililita 750, a narka giram 10 na kofa kulorayid, a zuba mililita 50 na asid asetik tsantsa, sai mililita 25 na haidirojin feroksayid mai ƙarfin kashi 30, a cika da ruwa ya kai lita 1. Kullum asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Tire da matsefin ɗauka su zama na roba, ƙarfe yana ɓata haɗin shi ma ya ci.

Hoton da za a yi wa ya zama na azurfa, baƙi da fari, an gama wanke shi tsaf, kuma yana da baƙi mai zurfi da faɗi. Toka-toka ba ta ɗagowa. A jiƙa shi a ruwa, a sa a haɗin minti 2 zuwa 3 har hoton ya kusa ɓacewa a ga baƙaƙen wuraren sun yi ƙuraje. A mayar da shi ruwa mai tsabta, a yi ta canja ruwan a hankali na kamar minti 15. A cikin ruwan ake tsara fatar, da auduga a goge inda ake so ya saɓule, da burushi mai laushi a kwantar da inda ake so ya zauna. Sai a mayar da shi ruwan fito da hoto da aka sirka sosai, a cikin hasken ɗaki, hoton ya dawo, sau da yawa da launin ƙasa ko ja-ja. A zaro shi a kan faifan gilashi a kwance, a bar shi ya bushe a haka.

Abubuwan da ke lalacewa: in fata ta ƙi ɗagowa, ko dai feroksayid ya tsufa, ko an yi amfani da fiksa (ruwan da ke tabbatar da hoto) mai taurara jelatin, ko ruwan ya yi sanyi, kuma ruwa mai ɗan ɗumi yakan taimaka. In komai ya saɓule ya bar farar takarda, an daɗe a haɗin ko an saki famfo a kansa. In tabo ya ci gaba da yaɗuwa bayan kwanaki, wankin tsakiya bai isa ba. Don haka a yi sikanin da zarar ya bushe.

Ina roƙo kada a yi wannan a rufaffen ɗaki. Safar hannu, tabarau na kariya, iska mai wucewa. Feroksayid mai kashi 30 yana ƙona fata nan take. Kada a toshe kwalbar haɗin gam, iska tana taruwa a ciki. Kuma ruwan mai tagulla guba ne ga halittun ruwa, ba a zuba shi a magudana.

Hajiya Rabi:
Injiniya, bayanin ya cika, amma ina da ja a kan abu ɗaya. Yagaggen hoto ba lallai ya zama hoton ciwo ba. Sau da yawa ado yake zama, mai kallo ya tsaya yana mamakin yadda aka yi, ya manta da wanda ke ciki. A 1984 Nan Goldin ta yi hoton kanta wata ɗaya bayan mutumin da take tare da shi ya yi mata duka. Hoton a saiti yake, mai launi, idonta ɗaya jajur, ta shafa jan baki, tana kallon kyamara kai tsaye. Babu hazo, babu sinadari, kuma da wuya mutum ya daɗe yana kallonsa. Masahisa Fukase na Japan kuwa, lokacin da aurensa ke mutuwa a 1976, hankaki ya koma ɗauka, baƙaƙe, cikin ɓarɓashi da duhu, aikin da ya fito a littafi a 1986. Bai nuna rauni ko ɗaya ba.

Sharaɗina ga mordansaj shi ne lalacewar ta faɗa inda take da ma'ana. Tunda baƙi ne ke ɗagowa, mai ɗauka ne yake zaɓen inda hoton zai yage tun ranar ɗauka: ƙofar da ke buɗe a bayan mutum, ko inuwarsa, ko kujerar da ba kowa a kai.

Injiniya Sadiya:
Na yarda da sharaɗin, Hajiya, kuma yana da fa'ida a aikace. Baƙi wuri ɗaya mai iyaka ya fi sauƙin sarrafawa a tire fiye da baƙin da ya warwatsu ko'ina.

Malam Habibu:
Ga mai son abin da bai kai wannan haɗari ba, akwai solarizeshan, wanda Man Ray da Lee Miller suka shahara da shi a Faris wajen 1929, ko da yake an san abin tun ƙarni na 19. Ana haska takardar hoto da farin haske tana tsakiyar wanki a ruwan fito da hoto, wuraren da ya kamata su yi fari su yi toka ko baƙi, siririn layi ya bi gefen siffa.

A ɗauki takarda mai tsananin bambanci, daraja 4 ko 5. Idan cikakken wanki minti 2 ne, a cire ta a sakan 50 zuwa 60, a tsoma a tiren ruwa zalla kamar sakan 10, a kunna ƙwai mai wat 15 daga nisan mita ɗaya ko fiye na sakan 1 zuwa 2, a mayar da ita ruwan wanki a ƙarasa ba tare da girgiza tire ba. In ta yi baƙi gaba ɗaya, hasken ya yi yawa ko an yi shi da wuri. In ba a ga canji ba, ya yi kaɗan ko an makara. In aka ga zanen igiyar ruwa, an haska ne ruwan yana motsi. Kada a yi ta canke. A yi gwaji a takarda ɗaya, hasken farko na buga hoton a jere daga hagu zuwa dama, na biyu na ƙwan daga sama zuwa ƙasa, a zaɓi gidan da ya yi.

Layin da ake samu a takarda fari ne. Baƙin layin da ake gani a hotunan Man Ray yana zuwa ne idan nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka ɗauki hoton a kansa, aka haska, kuma wannan ba ya gyaruwa, don haka a yi shi a kan kwafi.

Nafisa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, Anti Sadiya, idan babu ɗakin duhu fa? Kuma ina so in shigar da tsofaffin hotunan iyali a ɓangaren tunawa.

Injiniya Sadiya:
Sayanotaif, wato buga hoto mai launin shuɗi a takarda, shi ne amsarki, ƙanwata. John Herschel ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1842, kuma rana da ruwa kawai yake buƙata. Kwalba ta farko, giram 25 na ferik amoniyam sitiret, koren, a ruwa mililita 100. Ta biyu, giram 10 na fotasiyam ferisayanayid a ruwa mililita 100. A ajiye su daban a kwalabe masu duhu, a haɗa daidai wa daida iya abin da za a shafa a ranar. Mililita 3 zuwa 4 sun isa takardar A4 da burushi. A shafa a ɗaki mai raunin haske inda rana ba ta shiga, a busar a duhu.

Tsohon hoton kuma kada ki taɓa shi da komai. Ki yi sikanin, ki cire launi, ki juya shi nagatif, ki juya hagu zuwa dama, ki buga a farar leda ta firinta a girman da kike so hoton ya fito. Gefen tawada ya kwanta a kan takarda, gilashi ya danne su sosai, domin ko ƙaramar tazara tana kashe saiti. Rana mai ƙarfi minti 10 zuwa 20. Alamar ya yi ita ce wuraren da za su fi duhu sun wuce shuɗi sun koma toka mai ƙyalli. A idon sabon shiga kamar ya ƙone ne, alhali wanda aka cire da kyansa shi ne ruwa yake wankewa. A wanke minti 5 har ruwan ɗorawa ya fita daga fararen wurare. Shuɗin yana ƙara zurfi cikin kwana ɗaya, ko nan take in aka zuba mililita 10 na feroksayid mai kashi 3 a litar ruwa.

Babban abokin gabansa alkali ne. Takardun zane da yawa an sa musu alli don su daɗe, kuma allin yana cin shuɗin, hoton ya fito a koɗe. A nemi takardar auduga marar alli. In fararen wurare sun yi shuɗi-shuɗi, takardar ta sha haske ko laima kafin a yi amfani da ita. Kwalba ta farko takan yi fumfuna, a tace kawai. Kada ferisayanayid ya haɗu da asid mai ƙarfi, yana sakin iska mai kisa, don haka kayan mordansaj da na wannan kada su zauna wuri ɗaya.

In shuɗin ya yi kaifi ga abin da kike nufi, ki bar hoton ya kwana, ki tsoma shi a litar ruwa mai giram 5 na sodiyam kabonet har ya fara koɗewa, ki ɗauraye, ki sa a litar ruwa mai giram 10 na asid tanik. Zai koma ruwan ƙasa mai duhu. A nan akwai damar yin abin da Hajiya ta faɗa: da burushi ki shafa kabonet ɗin a kan sashe kawai, ya koɗe, ki bar maɓallin rigar ko hannun da shuɗinsa.

Hajiya Rabi:
Abu ɗaya game da hotunan iyali da na duk wanda za ki ɗauka cikin rauninsa. Yardar da aka bayar ranar ɗauka ba ta wadatar ba, domin abin da zai fito bayan haɗi da sinadari ba shi mutum ya gani ba. A nuna masa hoton da aka gama, a gaya masa inda za a rataye ko a wallafa, a rubuta. Shafe fuska ma ba ya ɓoye mutum ga waɗanda suka san shi, hannu da tsayuwa sun isa.

Kabiru:
Ba a taɓo infrared ba, wato hasken da ido ba ya gani. Filta mai nanomita 720 tana mayar da ganye fari, sama baƙi, fata ta yi sumul kamar kakin zuma, jijiyoyin da ke kusa da fata su bayyana, ido ya yi duhu. Ga batun ciwo jijiyoyin nan suna da ƙarfi. Kyamarar da ba a cire mata shingen infrared ba tana buƙatar sakanni da yawa ko a tsakar rana. Saiti yana gocewa, tsofaffin idanun kyamara suna da jan ɗigo don gyara shi, a dijital kuma a yi saiti ta allo da filtar a ɗaure. Wasu idanun suna barin farin tabo a tsakiya, yana tsananta in aka rufe ƙofar haske, sai a gwada kafin ranar aiki.

Auwal:
Filtar hazon ma ba a jefar da ita ba, Nafisa. Tana aiki ne idan akwai tushen haske a cikin firam, fitila ko taga, wanda zai yi gewaye. A shimfiɗaɗɗen haske laka kawai take yi. Mai ƙarfin 1/8 ko 1/4 ta isa. In basilin za a shafa, a kan filta marar launi, kada ya taɓa idon kyamara, a bar tsakiya wayam kamar faɗin ɗan yatsa. Hasken yana jan layi a gicciye da inda aka ja yatsa, in aka shafa daga sama zuwa ƙasa layin zai kwanta. Ƙofar haske a f/2.8 ko f/4, domin a f/11 shafin kansa yana fara fitowa kamar datti.

Nafisa:
Dabarun sun yi yawa yanzu. Duk za a iya haɗa su a jeri ɗaya?

Malam Habibu:
A'a. Ki zaɓi biyu, uku in ya yi yawa, in ba haka ba jerin zai koma baje kolin dabaru. Abin da zai ɗaure su shi ne girman takarda ɗaya, siffar firam ɗaya, da wani abu da ke dawowa, ɗaki ɗaya ko tufa ɗaya. Ki sa aƙalla hoto ɗaya a tsakiya wanda yake a saiti tar ba tare da wata dabara ba, zai ƙara wa na gefensa ƙarfi. Ki buga su ƙanana tukuna, kamar santimita 15, domin dishi-dishi da ya yi kyau a allon waya yakan watse in aka faɗaɗa, kuma ƙaramin hoto yana sa mai kallo ya matso.

Kafin komai, ki yi zama ɗaya na gwaji: wuri ɗaya, haske ɗaya, motsi ɗaya, ki canja shota kaɗai daga 1/15 zuwa sakan 4, kina daidaita hasken da ISO ko filta, ki maimaita da farar tufa sannan da baƙa. Ki rubuta lambar kowane firam da saitinsa a littafi. Ki kawo su nan a jere mu duba tare.